Malam Na'am da Muryar Inna

Idan ka bi layin masu gyaran janareta har shagon ƙarshe, dab da kwalbati, za ka tarar da wani mutum tsugune gaban inji. Ya kafa tsinin doguwar sukundireba a jikin ƙarfe, ya manna ƙotarta a bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron waƙa. Kada ka ɓata yawunka da yi masa sallama ta baya. Zagayo ta gabansa ya ga leɓenka, zai amsa maka da fara'ar da sai ta ba ka kunya. Shi ne Malam Na'am.

Sunan tun yarinta yake bin sa. Bai daɗe da fara tafiya ba ciwon kunne ya kama shi, kunnuwan biyu suka dinga zubar da ruwa, yau a ce ya warke, gobe ya dawo, har ciwon ya cinye masa dodon kunne. Bai kurmance gaba ɗaya ba. Idan ka matso ka ɗaga murya sosai zai ji, sauran kuma ya tsinta a leɓenka. Amma yana yaro duk abin da aka ce masa sai ya ce, "Na'am?" A maimaita, ya sake cewa, "Na'am?" Yara kuwa ka san su, ba su da tausayi ko na anini, nan da nan suka laƙaba masa. Da ya girma ya ajiye gemu, sai aka ƙara masa Malam a gaba don a rufa asiri.

Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya fiye da gida, kuma bai yi tsawon rai ba. Inna ce ta riƙe shi da ƙanwarsa Auta da keken ɗinki mai ƙafa, a wani ɗaki da taga ɗaya cikin gidan haya. Inna kuwa, tafɗi! Idan ta kira ɗanta, kajin maƙwabta sai sun watse. "Kai! Ɗauko bokiti!" "Kai! Wa ya ce ka fita ba takalmi?" A bayan idonta matan gidan suna kiran ta Lasifika. Abin da ba su tsaya sun yi tunani ba, ba da wannan muryar aka haife ta ba. Ɗanta ne ya mayar da ita haka.

Sai dai ihu yana da iyakarsa. Ana iya aike da ihu, ana iya faɗa da ihu, ana iya kiran mutum cin abinci da ihu. Amma wace uwa ce za ta tsaya tsakar gidan haya, gaban mutum ashirin da 'ya'yansu, ta buɗe maƙogwaro ta gaya wa ɗanta abin da ke ranta game da shi? Ba a yi ta ba. Don haka duk abin da ya taɓa shiga kunnen Na'am daga bakin Inna, ko umarni ne ko faɗa. Da yamma yakan ga ta janyo Auta kusa da keke, su haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, leɓe ko motsin kirki ba ya yi balle ya karanta, sai ya ga sun yi dariya. Ya yanke wa kansa hukunci cewa Inna murya biyu gare ta, ɗaya ta Auta, ɗaya tasa. Bai riƙe ta a zuci ba, ya san tana son sa, wanda ya ga yadda take kwana kan keke don kuɗin makarantarsa ba zai yi shakka ba. Amma abin ya zauna masa a ƙirji, kuma yana yi masa ciwo.

Makaranta ba ta karɓe shi ba. Malami ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana bayani, shi ke nan an bar Na'am a tasha. Inna ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani tsohon bakanike mai gyaran injin ban ruwa da janareta. Mutane suka yi ta surutu: wai kurma da gyaran inji, aikin da kunne ne rabinsa? Tsohon dai ya karɓe shi. Ya bar shi yana wanke sassan inji da fetur har hannunsa ya saba. Wata rana aka kawo janareta mai wani kuka da aka rasa gane kansa. Tsohon ya tayar da shi, ya kafa sukundireba, ya saurara, sannan ya yafito Na'am. Maimakon ya sa masa ƙotar a ramin kunne, sai hannunsa ya zame ta sauka kan ƙashin nan mai tudu da ke bayan kunne.

Wayyo, abin da yaron nan ya ji! Da can inji a wurinsa wani gurnani ne kawai daga nesa. Yanzu sai ga komai tar a cikin kansa: fistin yana hawa yana sauka, wani ƙaramin ƙarfe yana ƙyas-ƙyas, can gefe kuma wani abu yana gurzar ɗan'uwansa kamar ana niƙa yashi. Ya nuna wurin da yatsa. Aka kwance, sai ga boris, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya cinye. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya zaro sukundirebar ya damƙa masa a hannu, ya faɗa masa a hankali yadda zai karanta: "Taka ce. Wani hani ga Allah baiwa ne." Har yau ita ce a hannunsa, ƙotar katakon ta yi baƙi ta yi santsi. Kuma har yau ba ya ambaton tsohon nan bai yi masa addu'a ba.

Dalilin abin bai san shi ba sai bayan ya yi aure. Matarsa, mace mai naci, ta ce ba ta yarda ba sai an duba kunnen nan a babban asibiti. A sashen kunne suka sami wata ma'aikaciya mai haƙuri, wadda ta san ta fuskance shi kafin ta yi magana. Ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu, ta buga shi a gwiwarta, ta kawo kusa da kunnensa. Shiru. Ta sake bugawa, ta ɗora gindinsa kan ƙashin bayan kunnen. Ya zabura har kujera ta yi ƙara.

Ta yi dariya, ta janyo kwanon ruwa da ke kan tebur, ta ƙwanƙwasa gefensa da biro. Ruwan ya yi zobe-zobe yana tafiya daga wannan baki zuwa wancan.

Ta ce, "Ka ga wannan, Malam? Haka sauti yake. Girgiza ce mai tafiya. Abu ya motsa, ya ture na kusa da shi, shi ma ya ture na gaba. Tana bin iska, tana bin ruwa, tana bin ƙarfe da ƙashi, har ta fi gudu a cikin abu mai tauri. Kai ƙofar da iska ke bi ce ta lalace. Can ciki inda ake jin, lafiyarsa ƙalau. Idan girgizar ta biyo ƙashi, ta zagaye ƙofar ke nan, ta shiga ta katanga."

Ya ce, "Ashe shi ya sa nake jin babbar mota a tafin ƙafata tun kafin ta shawo kwana."

Ta ce, "Ita ce dai. Ƙasa ma tana ɗaukar girgiza."

Suka ba shi ɗan abin ji da ake maƙalawa a kunne. Bai yi masa rana ba: da ya toshe ramin sai ruwan ya dawo, ga shi yana fito kamar butar shayi. Ya jefa shi cikin durowa. Amma bayanin matar nan ya riƙe shi gam, ya fi masa abin da aka ba shi amfani. Tun daga ranar ya daina ganin kansa a matsayin ragowar mutum. Yakan ce da abokan sana'a, "Ni gidana ba ƙofa ne kawai, amma akwai mutum a ciki."

Haka rayuwa ta yi ta tafiya. Ya buɗe shagonsa, ya haifi 'ya'ya mata ya aurar, furfura ta sauko masa a gemu. Inna ta tsufa, ido ya hana ta ɗinki, ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke kallon tsakar gidansa. Murya dai ba ta tsufa ba. Mutum mai jikoki, amma idan ya shigo da yamma sai ka ji, "Kai! Haka za ka zauna da wannan baƙin man a riga?" Shi kuwa ya yi murmushi ya je ya canza.

Sai wata safiya aka tarar da Inna a ƙasa kusa da gado. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta yi kwanaki a asibiti, daga baya likita ya ce a kai ta gida a kula da ita, ya faɗa da irin fuskar da ba sai an yi wa Na'am fassara ba. Ciwon ya ɗauke abu biyu, kuma su ne kaɗai hanyar da ke tsakaninta da ɗanta. Muryar nan ta faɗi, ta koma ɗan siririn abu da sai an kai kunne bakinta. Bakin kuma ya karkace gefe guda, leɓen da ya shekara hamsin yana karantawa ya zama rubutun da bai sani ba.

Auta ta baro gidanta ta tare wurin jinya. Ita ce tafinta. Inna ta motsa baki, Auta ta sunkuya, ta ɗago ta ce, "Yaya, ruwa take so." Ko, "Ta ce a gyara mata matashi." Wannan duk ba matsala. Amma da zarar Na'am ya shigo ya durƙusa gaban gado, sai Inna ta kafe shi da ido, ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya, ta fara wata magana mai tsawo. Auta ta matso, sai Inna ta tsuke baki ta kawar da kai.

Auta ta ce, "Inna, ki faɗa mini mana in faɗa masa."

Inna ta yi ɗan motsi da baki. Auta ta ɗago, ranta a ɗan ɓace. "Yaya, wai ba saƙo ba ne da za a ba wani. Da kai take, kai kaɗai. To ni na rasa yadda zan yi da ku."

Na'am ya kai kunnensa har yana taɓa leɓenta. Ɗumin numfashi kawai ya ji. Ya tono abin jin nan daga durowa, ya sa masa sabon batir, ya maƙala. Abin ya ƙwala fito, Inna ta runtse ido don zafi, shi kuwa bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ba ta iya rubutu ba, ko da ta iya ma hannun ya tafi. Kullum tana ƙara raguwa, abincin da take karɓa bai fi a ƙirga da cokali ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske: Inna za ta tafi da maganarsa a bakinta. Ko wani laifi ya yi mata da bai sani ba? Ko wasiyya ce? Ya daina cin abincin kirki. A shago ya ɗaura wa wani mutum fulogi a injin da ba nasa ba, abin da ko yana ɗan koyo bai taɓa yi ba.

Ranar da abin ya faɗo masa, yana tsugune ne gaban wani ƙaramin janareta da hantsi, ƙota a bayan kunne. Ya ji injin yana ta zuba masa zance, komai dalla-dalla. Sai ya buɗe ido. Haba! Ƙarfe ma yana yi masa magana ya ji, sai uwar da ta haife shi? Ya kashe injin, ya bar mai shi tsaye da baki buɗe, ya wanke sukundirebar da sabulu har sau ba adadi, ya nufi gida da sauri.

Auta na ganin abin da ke hannunsa ta dafe ƙirji. "Yaya! Lafiyarka kuwa? Innar ce ta zama janareta?"

Matarsa da ke bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Bai kula su ba. Ya naɗe tsinin da tsumma don kada ya ji mata ciwo, ya ɗora a hankali kan ƙashin wuyanta, ya manna ƙotar. Babu komai. Ya san za a rina, tsumma yana shanye girgiza, shi da kansa yake sa roba ƙarƙashin inji don wannan dalili. Ya warware tsumman, ya juya sukundirebar, ya ɗora ƙotar katakon a kan ƙashin, ya ciji ƙarfen da haƙoransa. Dattijo mai furfura, sunkuye kan tsohuwa da sukundireba a baki! Wannan karon ya ji wani ɗan gurnani can nesa, kamar inji a bayan gida uku, amma ba kalma. Kuma yana tsoron dannawa, ƙashin Inna ya zama kamar kara.

Sai ya ji ƙarfen yana karkarwa a haƙoransa. Ya saki da sauri, gabansa ya faɗi, ya ɗauka ciwo ya ji mata. Ashe dariya take. Da rabin bakin nan nata, hawaye na bin gefen ido, Inna dariya take yi masa. Ta ture sukundirebar da hannun hagu, ta yafito Auta ta yi mata raɗa. Auta ta tallafe ta, ta juya ta ta kwanta kan gefenta tana fuskantar bango. Inna ta ɗaga hannu da ƙyar, ta bubbuga bayan wuyanta.

Auta ta dube shi ta ce, "Wai ka kwantar da kanka a nan."

Kunya ta rufe shi. Rabonsa da ya jingina da jikin Inna tun bai san kansa ba. Ya tsaya yana murza hula. Inna ta kaɗa hannu irin na kora, matan biyu suka fita suka saki labule. Ya durƙusa a bakin gadon, ya cire hular, ya kwantar da kansa a hankali har ƙashin bayan kunnensa ya zauna kan ɗan tudun ƙashin da ke gindin wuyanta.

Numfashinta ya fara ji, yana shiga yana fita. Sai bugun zuciya. Sannan wata murya ta taso daga cikin ƙashin, a dushe kamar ana magana cikin tulu, amma kowace kalma da ƙafarta. Murya ce mai sanyi, mai taushi, bai san ta ba, kuma duk jikinsa ya san ta.

"Kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji, Inna."

"To ka daina ihu, kana fasa mini kai."

Ya yi dariya, hawaye suka zubo. Ta huta, sannan ta ci gaba, tana yi tana tsayawa neman numfashi.

"Haka nake maka magana kana ƙarami. In na sauke ka, in yi ta kira, ko waiwaye. In na goya ka, ko raɗa na yi sai ka amsa. Ban san dalili ba, na dai ga haka ne. Shi ya sa na ƙi sauke ka. Na goya ka har ƙafafunka suna dukan bayan gwiwata. Mata suna dariya, wai zan lalata ka. Ni kuwa hira muke."

Ta ja numfashi, ta ci gaba.

"Ranar da ka fi ƙarfin bayana, na shiga ɗaki na yi kuka. Na san daga ranar sai ihu. Kuma abin da nake son gaya maka ba ya faɗuwa da ihu."

Ya ce, "Inna, in laifi na yi miki..."

"Rufe mini baki. Wane laifi? Godiya zan yi maka. Ban taɓa kwana da yunwa ba tun da ka kama sana'a. Ban taɓa jin an kawo ƙararka ba. Duk wanda ya yi mini dariya a kanka, na ga ranar da ya kawo maka injinsa. Na gode wa Allah da ya ba ni kai, yadda kake ɗin nan, ban taɓa cewa da ma wani ne ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Na'am ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa. Daɗi ne ya yi masa yawa, har ƙirjinsa yana zafi. Da ya samu ya natsu, sai yaron nan da ke leƙen keken ɗinki ya yi magana da bakin dattijo: "To Inna, me kuke cewa da Auta kuna dariya?"

"Rabinsa zancenka ne. Ɗaga kanka haka nan, gemun nan naka yana sukata."

Allah ya ara mata wasu makonni bayan wannan. Kullum da azahar Na'am yakan ja ƙofar shago, ko injin wa ke ƙasa, ya tafi gida ya wanke kansa, ya durƙusa a bakin gado. Har gemun ya rage saboda ita. Ta ba shi labarin mahaifinsa yana saurayi, ta gaya masa wace cikin jikokinta ta ɗebo halinta, ta yi masa gulmar Auta, Auta na tsakar gida tana cewa ta san da ita ake. Wata rana kuwa 'yar waƙa kawai ta yi ta rerawa a maƙogwaro irin ta mai lallashin goyo, shi kuma ya yi lamo yana ji.

Ta rasu da rana tsaka, cikin sauƙi. A zaman gaisuwa wani tsohon maƙwabcinsu na gidan haya ya zo, ya zauna gaban Na'am, ya buɗe baki sosai don ya karanta.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Inna. Unguwa ta yi shiru. Mace mai murya kamar lasifika, daga bakin titi muke jin ta!"

Na'am ya ce, "Amin, na gode." Ya shafa bayan kunnensa, ya yi murmushi. "Amma ihun kuka sani, wannan saboda ni ta aro shi. Muryar Inna 'yar ƙarama ce. Alhamdu lillahi, na ji ta."